Mutumin Ƙanƙara da Kakata

Daren Lahadi, Adjamé Saint-Michel

Yau mun kalli fim ɗin da na sayo a kasuwar Black Market, na wani mutumin zamanin da, wanda likitoci suka tono cikin ƙanƙara suka farfaɗo da shi. Da Faransanci ne, ni nake fassara wa Kaka. Sau uku ina kakarewa, har kalmar ƙanƙara sai da Kawu Isufu ya tuna mini.

Da aka gama, Kawu ya ce mamaci sutura ake yi masa, ba jona masa wayoyi ba. Ƙannena kuwa sai dariya suke yi, wai ƙato yana tsoron fitila. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Bawan Allah. Sun ba shi abinci, sun ba shi gado, amma babu mai jin maganarsa. Na san wannan zaman."

Maganar ta tsaya mini a rai. Gidanmu ɗaya, amma daga gaisuwa sai gaisuwa.

Gobe in na taso daga aiki a Treichville, tabarmarta zan nufa. A yi ta yi wa Hausata dariya. Ba zan tashi ba sai Kaka ta gaji da hira.