Neman Kabarin Yaya a Gandun Daji

Litinin, 3 ga Maris

Mun iso gandun daji na farko, ni da Inna. Likita ya hana ta tafiya, ta ce shi likitan bai binne ɗa a daji ba. Kabarin Yaya muka zo nema, ɗanta na fari da ya rasu tun yana goye, kafin a tayar da ƙauyensu a bar wa namun daji wurin. Ni ban san shi ba, a birni aka haife ni. Abin da ta riƙe kawai, wata tsamiya da ta rabu biyu tun daga gindi, a bakin rafi. An yanka yankin gandu-gandu, sunan ƙauyen kuwa babu shi a taswirar kowa. Inna ta ce allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Ni dai ban ga alamar rabon ba.

Laraba, 5 ga Maris

Nan fili ne fetal, ciyawa iya ganin ido, bareyi kamar an zuba su. 'Yan yawon buɗe idon da ke motarmu sai ɗaukar hoto suke, Inna tana leƙen gindin itatuwa. Doka ce, ba a sauka daga mota. Na roƙi mai rakiyarmu, ya ce, "Baiwar Allah, in wani abu ya taɓa tsohuwar nan, aikina ya tafi." Ban ga laifinsa ba, amma na ji haushinsa. Wai sai da izinin wani za mu gaida mamacinmu.

Alhamis, 6 ga Maris

Ba labari. Ƙafafun Inna sun kumbura.

Asabar, 8 ga Maris

Gandu na biyu, mai tafki. Dorinar ruwa, fararen tsuntsaye birjik. Wurin ya yi kyau, kyan ma haushi yake ba ni. Wani tsohon ma'aikaci ya ce da aka tare kogin, ruwa ya cinye ƙauyuka da dama, itatuwan da suka rage kuma giwaye sun tumɓuke su. Na yi ta ƙifta masa ido kada Inna ta ji. Ta ji. Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta ce, "Yaron ba ya son wanka."

Lahadi, 9 ga Maris

Na yi mata tsawa a masauki, a kan shan magani. Na ce za ta kashe kanta saboda ƙasusuwan da ƙasa ta riga ta cinye, ta bar ni da wa? Sai ta hau ninke zanenta. Allah ya yafe mini. Na gaji. Abinci ba ya shiga, jiya ma na yi amai a bayan mota, ban gaya mata ba.

Talata, 11 ga Maris

Gandu na ƙarshe, na duwatsu. Hanya sai hawa, birai a kan falalen dutse, iska mai sanyi. Muna shan wata kwana Inna ta buga jikin mota, ta ce, "Ga ta nan." Direba ya tsaya. Tsamiya ce kam, amma a kan tudu, babu rafi babu alamarsa, gindinta kuma ɗaya. Ta miƙa hannu ta taga ta yi addu'a, muka shafa. Ta ce, "Auta, mu koma gida." Na ce a raina tsufa ya fara taɓa ta, gara ma haka.

Laraba, 12 ga Maris

A motar komawa ina shafa mata man zafi a ƙafa, na ce, "Inna, hankali ya kwanta ko?"

Ta ce, "Ba ita ce tsamiyar ba, ke ma kin sani. Wancan na daɗe da rasa shi. Ke ce na ga kina ramewa a gabana."

Na ci gaba da shafawa. Can da muka yi nisa sai na ji bakina yana tambayarta da wa Yaya ya yi kama. Ban taɓa tambaya ba. Ta ce fuskar ta ɓace mata tuni, nauyinsa kawai take ji a bayanta.