Motar Da Ba Ta Da Rufi

Burnie, tsibirin Tasmaniya
3 ga Yuni

Zuwa ga matata Glenys,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Bronwyn da jikoki. Yaya gwiwar taki? Zafin Townsville ya sassauta ta?

Takardarki ta iso. Kin ce ba za ki dawo ba sai na sa wa motar rufi da na'urar ɗumama ciki. Amsata ita ce a'a.

Glenys, shekara tara na yi ina ƙera motar nan a gareji. Ta asalin, ta 1955, ba rufi, ba gilashin gefe, ko marikin ƙofa babu, igiya ake ja daga ciki. Haka na kwaikwaye ta, ƙusa bayan ƙusa. Kin ce tunda jabu ce, rufi ba zai rage ta da komai ba. Wannan magana ta yi min ciwo. Ta asali ko an ɓata ta, sunanta na nan. Tawa kuwa kamannin nan kaɗai ta mallaka.

Ai da ke muka zaɓi koren fentin. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mijinki,
Mervyn

21 ga Yuni

Glenys tawa,

Ina gaishe ki, ina kuma tambayar gwiwar, tunda ba ki amsa ba.

Ran Lahadi ƙungiyarmu ta tsofaffin motoci ta fita zuwa Stanley. Aka tsuge da ruwa har da ƙanƙara. Maƙwabcinmu Des ya wuce ni cikin motarsa mai rufi, akwatin nan nasa mai ɗumi, ya leƙo yana tambaya wai in kawo sabulu ne mu ƙarasa wankan. Na ce gara ni, na san ana ruwa.

Amma ba zan ɓoye miki ba. Da na tsaya, na tarar ruwa ya taru a kujerarki. Ban taɓa ganin haka ba, don kullum kina kai. Na share da hannun rigata, na daɗe a tsaye. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa tambayarki ko kina jin sanyi ba. Na ji kunya ƙwarai, kuma ina kewarki.

Rufi dai ban sa ba.

Mervyn

9 ga Yuli, cikin jirgin ruwa

Masoyiyata,

Ina fatan kin tashi lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Likita ya yi gaskiya, gwiwarki ba za ta ƙara jure sanyin Burnie ba. Ni kuma ba zan ɓata motata ba, ko Bronwyn za ta shekara tana kirana mai taurin kai. To ashe ba motar ce matsalar ba, garin ne.

Na miƙa wa dillali makullin gida. Garin da aka haife ni, inda kabarin iyayena yake, na bar shi yau da safe. Motar tana ƙasan jirgin nan a ɗaure. Daga Geelong, inda jirgin zai sauke mu, kwana shida zan yi a hanya kafin in iso Townsville.

Ki nemo mana gida mai gareji. Sauran ɗakunan, zaɓinki ne.

Naki har kullum,
Mervyn