Daƙiƙa Huɗu a Waƙa ta Shida

Levenshulme, Manchester
4 ga Maris, 2013

Zuwa ga Kaka Alfred,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafarka, ya sanyi? Ni ce Celestina. Baba yana gaishe ka, ya tafi aiki.

Na rubuto ne don ba ka jin waya, ni kuma ba na iya magana sosai. Malamar da take zama da ni ran Talata tun da Mama ta rasu ta ce in riƙa rubuta wa wani. An sallame ta yanzu, wai makaranta ba za ta iya riƙe ta ba, amma na ce bari in yi abin da ta ce.

Ba abin da yake damuna. Ina cin abinci, ina zuwa makaranta. Matan coci suna ta ce min in yi kuka, na gwada, bai zo ba. Abu ɗaya ne kawai: na manta muryar Mama. Da ina kiran lambarta in ji inda take cewa a bar saƙo, amma a Janairu aka rufe layin. Baba bai san ina kira ba.

Na tuna wata Lahadi, shekara uku ke nan, Mama ta hau bas ta je Birmingham kallon wasanka, ranar da aka ɗauki faifanka a kulob. Da ta dawo ta ce min, "Yau na yi wa tsohon nan guɗa a gaban Turawansa." Daga nan ba ta ƙara zuwa ba. Na samu faifan a durowarta, ko ledarsa ba a cire ba. Ba mu da abin kunna shi a gida, sai na kai laburare. Na ji shi duka sau tara. Akwai tafi, akwai tarin wani mutum, akwai ƙarar kofuna. Ban ji ta ba. A wace waƙa take?

Ka huta lafiya.
Jikarka, Celestina

Sparkbrook, Birmingham
11 ga Maris, 2013

Shiru-shiru tawa,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ashe akwai baki, a alƙalami kika ɓoye shi. Hausarki ta fi tawa, tawa ta yi tsatsa. Ƙafa da sauƙi. Likitana, GP, ya ce in daina hawan bene, na ce ya je ya faɗa wa kansul, hukumar gari, su gyara mana lif mai hawa da mu sama.

Sau tara! Ko ni ban ji shi sau tara ba. Shi ne faifaina kaɗai, bayan shekara talatin da tara ina kaɗa jita a garin nan. A 1974 muka zo mu shida, makaɗan wani otal a Jos. Wanda ya kawo mu ya ɓace a mako na uku. Biyar suka koma, ni na tsaya. Da rana ina masana'antar narka ƙarfe, da yamma ina bin wani tsoho ɗan Jamaika ina riƙe masa jaka, har ya koya min kiɗan blues. Ya ce sunana Dung ba zai shiga fasta ba, ya mai da ni Al Dee. Lasifika ce ta cinye min kunne, ba tsufa ba, kowa ya ce miki tsufa ne ki ce ya zo mu yi tsere.

Maganar da kika tambaya, kulob wuri ne mai hayaniya, makirfo ba ya kama kowa. Kada ki wahalar da kanki.

Za a rufe kulob ɗin ƙarshen Afrilu. An janye tallafin da yake riƙe shi, mai shagon katifu ne zai shiga. Wasanmu na ƙarshe ran Lahadi 28 ga wata, da la'asar. Ki ce wa babanki Tomas ya kawo ki.

Allah ya tsare.
Kakanki, Kurma

Levenshulme
18 ga Maris, 2013

Kaka,

Barka da war haka. Na gode da amsa. Baba ya ce zai duba ko za a ba shi hutu.

Laburare kwana uku kawai yake buɗewa yanzu, shi ya sa na jima. Na daina jin kiɗan, na koma jin abin da yake bayansa. A waƙa ta shida akwai mace mai tattara kofuna, kuma akwai wani abu da yake gurnani a hankali, ina jin firji ne. Tun farkon faifan yake yi. A minti uku da daƙiƙa goma sha biyu sai firjin ya tsaya, kofuna suka tsaya, mutane suka ɓace. Jitarka ce kaɗai, fes, kamar an rufe ƙofa an bar ka a ciki. Daƙiƙa huɗu. Sai komai ya dawo, mutane suna dariya, alhali ba abin dariyar da ya faru.

Na sa agogo na auna sau da yawa. Ma'aikaciyar laburaren ta tambaye ni ko aikin makaranta ne, na ce e.

Ban ce ka yi ƙarya ba, Kaka. Tambaya nake yi, me suke wa dariya?

Ka gaida ƙafa.
Celestina

Sparkbrook
2 ga Afrilu, 2013

Celestina,

Ina gaishe ki. Sau uku ina fara takardar nan ina yagewa.

Ni na sa aka cire ta.

Ina tsakiyar waƙar, wurin da nake barin jita ta yi magana ita kaɗai, sai mamanki Justina ta miƙe a bayan ɗaki ta rangaɗa guɗa, irin wadda matan Bukuru suke yi idan ɗansu ya fito fili. Rabona da jin ta tun ranar da na bar gida. Yatsana ya zame, na danna tsirkiyar da ba ita ba. Mutane suka juya suna dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, yanzu na sani. A lokacin kunya ce ta rufe ni. Rabinsu ba su san daga ina na fito ba, ban taɓa faɗa ba, su ma ba su tambaya ba.

A bakin ƙofa na ce mata nan ba gidan biki ba ne. Ta ce, "Ina wata takwas ka tafi, Baba. Ban taɓa samun inda zan yi maka ba sai yau." Ta je ta hau bas ɗinta.

Mai ɗaukar mana sauti wani Bazazzage ne, Ɗantani, karatun injiniya ya kawo shi. Na ce ya share. Ya ce, "Baba, guɗa ce fa." Na ce na san abin da ce. Ya ce ta shiga har makirfon jitata, ba ta fita sai an yanke wurin gaba ɗaya. Ran Litinin na dawo ɗakin ba kowa, na sake kaɗa wurin daidai, ya liƙa. Shi ne daƙiƙa huɗunki.

Na aika mata faifan da ya fito, ina ganin kyauta na yi. Kin ce ko ledar ba ta cire ba. Ina jin ta san abin da za ta tarar.

In ba ki ƙara rubuto min ba, ba zan ga laifinki ba.

Alfred Dung

Levenshulme
8 ga Afrilu, 2013

Kaka,

Ina wuni. Na karanta. Na jira in ji haushi, har na zauna a kan gado don ya zo, bai zo ba. Na tashi na wanke kwanuka.

A makaranta, in mun goge abu a kwamfuta, wani lokaci na farkon yana nan a wani wuri. Mutumin da ya ce maka "guɗa ce fa", anya zai share ta? Yana ina yanzu? In an rufe kulob, ina za a kai kayan da suke ciki?

Ka tambaye shi, don Allah. Ban taɓa roƙonka komai ba.

Celestina

Sparkbrook
19 ga Afrilu, 2013

Shiru-shiru,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki buɗe ambulan a hankali, akwai faifai a ciki.

Ɗantani ya koma gida bara. Maƙwabciyata ta kira min shi, tana ji tana rubuta min a takarda. Abin da ta rubuta shi ne: "Ki ce wa Baba ban share ba. Hannuna bai yarda ba. Yana cikin ɗakin ajiya, a kwalin wayoyi, na rubuta LITININ BA TA TAƁA SHI BA."

Na je kulob ɗin jiya. An riga an fitar da kujeru, an ajiye babban kwandon shara a ƙofa, rabin kwalayen suna ciki. Na sauka matakala goma sha huɗu, kada ki faɗa wa GP. Kwali na bakwai ne. Mai kulob ya juye min a faifai biyu, ya ce in ina so zai sa wannan a ran Lahadi kafin mu fara, a madadin wancan da na gyara. Na ce sai na ji daga Manchester.

Ga abin da ban faɗa miki ba. Na kunna nawa, na ƙure ƙara, na manna kunnen dama a jikin lasifika. Ina jin ganga, ina jin jita a ƙirjina, har inda yatsana ya zame na gane. Ita ce ba na ji. Siririn sauti shi ya fara barina, shekara biyu ke nan. Mai kulob ya ce tana nan, amma shi bai san ta ba.

Ki ji, ki faɗa min.

Kakanki

Levenshulme
23 ga Afrilu, 2013

Kaka,

Ina gaisuwa. Tana nan.

Ba magana ba ce, don haka har yanzu ban tuna yadda take kiran sunana ba. Amma ita ce. Ta fara ƙasa-ƙasa, sai ta hau, tana rawa a sama. A ƙarshe numfashinta ya ƙare, ta yi 'yar dariya ta hanci, irin wadda take yi in ta ƙona shinkafa. Na san wannan.

Kuskurenka ma yana nan. Ba shi da daɗi. Kada ka gyara. Ka ce wa mai kulob ya sa shi.

Ban yi kuka ba. Na gwada guɗar a banɗaki, na kunna famfo don kada maƙwabta su ji. Ba ta fito daidai ba tukuna. An ba Baba hutu, bas ɗin ƙarfe tara za mu hau. Ka ajiye min wuri a gaba, ta wajen kunnen dama.

Jikarka,
Celestina