Ni Na Raine Ta, Ni Aka Bar Wa Riƙon Jaka

'Yar'uwa Socorro,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Shekarata sittin da takwas, duk mako ina karanta filinki ina yi wa masu rubuto miki dariya a raina, yau ga shi layi ya zo kaina. Kishi ke cina, kuma ba a kan namiji ba, wannan na wuce shi tun mijina na da rai. A kan jikata ne, yarinya 'yar shekara takwas. Na canza sunayen kowa, don a unguwarmu nan Kissimmee kowa ya san kowa.

Bari in kira ta Yarelis. 'Yar ɗana Wilfredo ce. Tun tana jaririya ake kawo mini ita da sassafe, uwarta Tessa ta wuce asibiti wurin aiki, uban ya tafi gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. Ni na yi fama da ita lokacin haƙori, a kicin ɗina ta koyi cin shinkafa da wake da soyayyar ayaba, a bakina ta koyi Sifaniyanci. Ni ce kuma na cusa mata son dodanni. In ta ƙi cin abinci sai in ƙirƙiro mata labarin wani dodo mai fuka-fuki da ke zaune a kan dutsen garinmu can Puerto Rico, yana aman wuta amma yana tsoron kaji. Tana buɗe baki don mamaki ina tura cokali.

Kin san babban filin wasan nan na hanyar Orlando, kin kuma san sashen da suka gina na Ƙasar Dodanni, mai ganuwa da hasumiya da kasuwar bokaye. Na ƙarar da ƙuruciyata ina wankin zannuwan gado a otal-otal ɗin da ke kewaye da wurin, ina hango hasumiyar ta tagar bas, ban taɓa sa ƙafata ciki ba. Na ce sai ranar da zan shiga da jikata. Abin da ya riƙe mu shi ne jirgin dodo, wannan da ke hawa sama ya sulmiyo ya wuntsila da mutane, don ba sa barin yaro ya hau sai kansa ya kai sandar awo. Shi ya sa duk ranar haihuwarta nake tsayar da ita a jikin ƙofar kicin in ja layi da fensir. Har ɗage take yi, ina danne mata kai ina cewa ban da maguɗi. Bana ta kai, har da ɗan rara. Ranar mun taka rawa ni da ita har maƙwabciya ta buga mana bango.

Ni na ɗauki shirin tafiyar nan a kaina. Da tsufana na koyi latse-latsen waya saboda shi. Na zaɓi ranar da makarantarsu ke hutu amma sauran jihohi ba sa yi, don mu sami sauƙin layi. Na kama mana tebur a gidan abincin da ke cikin ganuwar, wanda in ba ka yi sammakon nema tun da watanni ba sai dai ka ci a tsaye. Na san ƙofar da za mu bi, na san inda inuwa take, na san inda za mu fake in ruwan yamma ya sauko. Na kuma fara ɗinka mata alkyabba koriya mai fuka-fuki a baya, idona na ruwa saboda ƙananan duwatsun da nake jerawa.

Sai ga Darlene. Uwar Tessa ce, a Ohio take zaune. Sau ɗaya take zuwa a shekara da akwati cike da tsaraba, ta yi 'yan kwanaki tana ta ɗaukar hoto, ta koma. Ta girme ni, amma kullum tana cikin wandon motsa jiki, tana gudun safe, gashi a rine. Tsakani da Allah ba ta taɓa yi mini komai ba, har kati take aiko mini da Kirsimeti, kuma shi ma katin haushi yake ba ni. Tessa ta faɗa mata shirinmu a waya, ta ce ai ba za a yi babu ita ba, a ranar ta yanki tikitin jirgi.

Na haɗiye, na ƙara kujera a teburin. To amma jirgin dodo bibbiyu ake zama, ni kuma bara aka sa mini 'yar na'ura a ƙirji saboda bugun zuciya, likita ya ce ni da irin waɗannan abubuwa har abada. Na san da haka. A tunanina ubanta zai zauna kusa da ita, in tsaya ƙasa ina ɗaga musu hannu, shi ke nan. Ranar Lahadi muna cin abinci a gidana, an jingina waya ana ganin Darlene a ciki, sai ta ce wa yarinyar ita fa ba ta tsoron komai, kujerar gaba za su kama su biyu, su saki hannu su yi ta ihu. Yarelis ta daka tsalle ta ce da Nana za ta hau, haka take kiran Darlene. A gabana, da shinkafata a bakinta. Sannan ta juyo gare ni ta ce Abuela, wato kaka da Sifaniyanci, ita kuma sai ta riƙe mana jakunkuna, tunda ita ba ta iya hawa. Wilfredo ya bushe da dariya ya ce to Mama, an ba ki muƙami. Na tashi na shiga kicin na sake wanke tukunyar da na riga na wanke.

Abin bai tsaya nan ba. Kin san yadda iyalai ke buga riguna iri ɗaya in za su irin wannan wuri, kowa da laƙabinsa a baya. Tessa ta buga mana namu, kore shar. A ta Darlene an rubuta Mahayiyar Dodo. A tawa an rubuta Mai Gadin Taska. Wai yarinyar ce ta zaɓa wa kowa. Taskar me? Robobin ruwa da laima da man shafawa na rana da jakar Darlene. Haka zan yini ina yawo, an rubuta mini 'yar dako a gadon baya.

Ga dalilin rubuto miki. Tikitocin duk a wayata suke, da sunana. Ana iya matsar da rana, na duba, har na kai yatsa wurin na janye. In na matsar da ita zuwa bayan Darlene ta koma Ohio, na ce wurin ne ya cika aka canza mana, ba mai bincikawa, don ba wanda ya san kan shirin nan sai ni. Wani lokacin kuma wata zuciyar ta ce a'a, bar ranar yadda take, ki sha maganinki ki shiga layi kawai. Yara ake aunawa a ƙofa, ba mai auna tsohuwa. Ɗan lokaci ne kaɗan, in runtse ido a gama. Na san in na ce ni zan zauna kusa da ita yarinyar ba za ta hana ni ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne hoton nan da na'ura ke ɗauka a kan jirgin. In ta girma aka tambaye ta wa ya kai ta Ƙasar Dodanni, shi za ta nuna, ita da Darlene baki buɗe gashi a sama. Ni ba na ciki. Zazzaɓin da na yi jinya da gashin da na taje ba wanda ya ɗauki hotonsu. Tun ranar Lahadin nan ban ƙara taɓa alkyabbar ba, fiffike ɗaya na nan yashe a kan keken ɗinki. Jiya Yarelis ta tambaye ni ko na gama, na ce ta je ta tambayi Nanarta. Ta zuba mini ido, ba ta san laifin da ta yi ba. Wannan ne ya tsorata ni.

Ki gaya mini gaskiya ko da ba daɗi. Wanne zan yi a cikin biyun? Ko kuwa in ce ba ni da lafiya, in zauna a gida su je su ƙarata?

Mai Gadin Taska,
Kissimmee


Yayata Mai Gadin Taska,

Ba ko ɗaya a cikin ukun. Gyara zama ki ji.

Kishinki yana da dalili, ba zan raina shi ba. Ke kika ƙirƙiri dodon, ke kika ja layin fensir, ke kika yi wahalar shiri, wata ta sauko daga jirgi ta kama kujerar gaba. Ko ni ce sai na ji zafi. Dariyar Wilfredo ma ba ta dace ba, kuma ki gaya masa haka ku biyu, da baki, ba da ƙarar tukunya ba. Ɗanki ne, bai san ya taka ki ba.

Amma ki dubi Darlene ta inda take. Mata ce da ke ganin jikarta ta cikin waya, tana jin ku kuna dariya da harshen da ba ta ji, tana kallon yarinyar na cin abincin da ba ta iya dafawa ba. Me take da shi da za ta bayar? Akwatin tsaraba da lafiyar gwiwa. Ina tsammanin da za ta rubuto mini, wasiƙarta sai ta fi taki ɗaci. Ke kina da kowace safiya, ita tana da kujera ɗaya a shekara.

Batun matsar da rana, ki cire yatsanki daga wurin. Irin wannan ƙarya ba ta daɗewa, kira ɗaya Tessa za ta yi ta gane ba wanda ya canza muku komai. Ki tuna ita ce ke tuƙo motar da ke kawo miki yarinyar. Ranar da ta san kin yi wa uwarta haka, zuwan safiyar nan zai fara raguwa, ba tare da faɗa ba, kuma ba za ki sami bakin magana ba.

Batun hawa kuwa, ba na wasa da shi. Likitanki ya riga ya yi magana. In wani abu ya same ki a sama, wa ke zaune kusa da ke? Yarinya 'yar shekara takwas, a ɗaure a kujera, ba ta iya tsayar da jirgin. Har ta tsufa za ta riƙa cewa ita ta sa kakarta ta hau. Zama a gida da ciwon ƙarya kuma shi ne ki miƙa wa Darlene ranar gaba ɗayanta da hannunki.

Ga abin yi. Yau ɗin nan ki kira Yarelis ki ce mata maganar jiya ba da ita kike ba, ki zaunar da ita kusa da keke ku ƙarasa fiffiken tare. Yaro ba ya sanin kishin manya, abin da ya sani kawai an daina yi masa fara'a. Ki tambaye ta abin da take nufi da laƙabin rigar, kada ki yanke mata hukunci da fassararki. In amsar ba ta yi miki ba, ki sa rigar da kike so, ba dole.

Sannan ki kira Darlene da kanki. Ki ce mata jirgin nata ne, amma shiga ƙofar ganuwar naki ne, hannun yarinyar a naki, don kin daɗe kina jiran ranar. Ban ga alamar za ta ƙi ba. Ki tambayi likita wasannin da suka halatta gare ki, akwai masu tafiya a hankali, ki kama guda ki ce wannan na Abuela ne. Jakunkuna kuwa, akwai akwatunan ajiya a bakin jirgin, kowa ya zuba nasa. Ki tafi da hula da ruwa da maganinki, ki zauna in kin gaji.

Idan suka shiga layi, ki je ki tsaya daidai ƙofar fita, hannunki ba komai. Za ta fito labari ya cika mata baki. Ba za ta ba Darlene ba, Darlene na wurin, ta ga komai. Wanda bai gani ba za ta nema da ido, kuma a guje za ta zo. Shekara takwas kina ba ta labarin dodo, ranar ita za ta ba ki. Kada ta fito ta tarar ba kya nan.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya kai ku ya dawo da ku cikin farin ciki.

Taki,
Socorro