Koriyar Wuta a Rumfar Maƙera

Dakoro, ran Lahadi

Kawu Alhaji Yakubu,

Wanda ya koya wa mutum aiki sannan ya hana shi kayan aikin, me ya koya mishi? Ka riƙe wannan tambaya tukuna. Na san da gaisuwa ake farawa, to ga ta: ina gaishe ka, ina gaida matarka Inna Sharifa da ɗiyarka Hamdiya da duk mutanen gidanka na Maradi. Innata Lalla, ƙanwarka, tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi. Na kira salularka har na gaji, shi ya sa na ba shofer takardar nan tare da mundayen da ka sa in ƙera.

Ka dubi mundayen da kyau. Wasu fes suke, wasu kuma da duhu-duhu a jikinsu kamar an shafa musu toka. Masu haske na yi su kafin kwalbarka ta ƙare.

Kai ka zo bara, ka zauna kan buzun marigayi Baba a rumfarmu ta maƙeran fari, ka ce matan birni sun daina sayen azurfa mai tabon wuta. Ka fiddo farin gari da kwalba marar takarda, ka nuna mini: a dama garin cikin alkol, a tsoma munduwa, a kunna mata wuta. Alkol ya ƙone ya bar mata farin lulluɓi, sannan a sa sinadari a liƙe. Na koya, hannuna ya saba. Garin yana nan da yawa. Alkol ne babu.

Na je farmasi. Mai farmasin ya dube ni daga rawani har takalmi, ya ce me maƙeri zai yi da alkol. Na ce sha zan yi, ƙishirwa gare ni. Ya sayar mini fuska a ɗaure. Nasu rabi ruwa ne, sai tartsatsi, garin ba ya kamawa. Ban shiga lakwal ba, amma a jikin kwalayen magani na koyi karatu, na san bambancin saba'in da casa'in a jikin kwalba. Na gwada ruwan wanke hannu da ya rage tun zamanin korona, ya zama danƙo. Na gwada turare, rumfa ta ɗauki ƙamshi kamar ɗakin amarya, azurfa ta fito baƙa ƙirin. Na roƙi shofer ya sayo mini a Maradi, ya ce motarsa ba ta ɗaukar giya.

An ce a kankayeri, shagon kayan ginin nan da ke bayan butik ɗinka, ana sayar da shi kusa da fenti da ƙusa. Ka aiko mini kwalba guda.

Wani abu kuma. Ka san in an kunna wa garin nan wuta, koriya take tashi. Matan da ke jiran gyaran 'yan kunne sun gani. Yanzu a kasuwa cewa ake Intalla ya gaji aljanun ubansa. Har Tanimu sarkin maƙera ya tsaya bakin rumfa ya ce, "Ɗan marigayi, ashe an bar maka wani abu." Me zan ce?

Ka huta lafiya. Ɗanka,
Intalla

*

Maradi

Zuwa ga ɗana Intalla,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da mahaifiyarka. Saƙonka ya iso. Hamdiya ce ke rubuta mini, idona ba ya ɗaukar ƙananan baƙaƙe yanzu.

Masu tabon zan mayar maka, ba za su shiga gilashina ba.

Game da ruwan da ka ambata: na farko wani maƙeri ɗan Senegal ne ya ba ni kyauta, ya kuwa koma ƙasarsu. Ni tun da na dawo daga Makka ido yana kaina. Limamin unguwa a bencina yake shan shayi. Ba zai yi kyau a gan ni da irin wannan kwalba ba, kai ma ka sani. Kai yaro ne, ƙafarka na shiga inda tawa ba ta shiga. Ka ƙara nema.

Maganar wutar kuwa, ka ja bakinka ka rufe. Tun kakanninmu a Azagor ana cewa maƙeri yana da abin da ya taka, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa saboda wannan magana ba. Mutane suna yafe wa maƙeri asiri. Wancan sunan ne ba sa yafewa. Wanda ya tambaye ka, ka yi murmushi ka ci gaba da zuga.

Kuma ka rage kaifin harshe. Abin da ka faɗa wa mai farmasi ba wasa ba ne.

Allah ya yi maka albarka. Kawunka,
Alhaji Yakubu

Yaya Intalla, ni ce Hamdiya, wannan nawa ne, bai sani ba. Tun da ya ji labarin wutar, duk matar da ta ɗauki munduwarka sai ya rage murya ya ce mata da koriyar wuta aka ƙera ta a arewa, tana kore bakin mutane. Jiya wata Hajiya ta kwashe wa jikokinta duka. Na ce gara ka sani.

*

Dakoro, ran Talata

Kawu,

Ina gaishe ka da gida duka, a gaida Hamdiya da kyau.

Na samu. A kara, kasuwar bisashe, wurin mai sayar da maganin dabbobi, mai casa'in, wanda suke wanke allurar raƙuma da shi. Bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka mishi. Ga mundayenka na sake su, ka sa su a gilashinka su yi kwana lafiya.

Na bi shawararka, na yi ta murmushi kamar wawa. Aiki ya ƙaru, gaskiyarka. Ga abin da murmushin ya haifa.

Akwai wata Fadimata, daga rugar da ke gabas da Roumbou. Da damina na yi wa ɗiyarta Zuhura 'yar munduwa, yarinya ce da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Jiya da hantsi ina cikin zuga sai ga ta a kan jaki, yarinyar a goye, kai na lilo. Ta kwance ta ta shimfiɗe mini ita a kan buzun Baba. Jikin kamar gawayin da ke gabana, ido ya juye.

Ta ce, "Maƙeri, ka kwance abin da ka ɗaura."

Na ce me na ɗaura?

Ta ce, "Ni na ga wutar da idona ranar da ka liƙe ta. Surukata ta ce mai wutar ne ya biyo munduwar. Mun cire, mun binne, ba ta sauka ba. An ce sai kai."

Na ce tun yaushe take masassara? Ta ce tun kasuwar da ta wuce. Na ce kun je gidan likita? Ta ce, "Likita ya san koriyar wuta?"

Kawu, a nan ne ya kamata in yi murmushi in ci gaba da zuga? Na san abin da take so. In tofa a ruwa, in kewaya kan yarinyar da awartaki, ta koma ruga da kwanciyar rai, a binne Zuhura kusa da munduwarta.

Na ce mata babu kowa a cikin wutar. Ta ce ai ba zan faɗa ba ko akwai. Rumfa ta cika, maƙera sun ajiye guduma. Sai na jawo kwalbar daga ƙarƙashin akwati, na zuba a murfin gwangwani, na barbaɗa garin, na ƙyasta ashana. Wuta ta tashi koriya shar. Na miƙa mata ashanar na ce ta yi da hannunta. Ta yi, wuta ta tashi koriya. Na ce, "Kin ga, ke ma kin zama mai aljanu. Gari ne da alkol. Alkol, irin na gidan likita. Ɗiyarki sauro ne ya cije ta. Tashi mu tahi."

Ni na ɗauki yarinyar har can. Sun sa mata ƙarin ruwa, sun ce da an ƙara kwana da sai dai haƙuri.

Da na dawo ba wanda ya amsa sallamata. Na ji wani yana cewa, "Ashe giya ce."

Ina sanar da kai ne, ba shawara nake nema ba.

Ɗanka,
Intalla

*

Maradi

Zuwa ga Intalla,

Bayan gaisuwa. Allah ya ba yarinyar lafiya, ka yi aikin lada, ban ƙi ba. Amma da ka ɗauke ta ka kai likita ba tare da ka yi wa kasuwa wasan wuta ba, da ba mu zo nan ba.

Tanimu ya kira ni. Ya ce mata na mayar da zobba suna tambaya ko sallar da suka yi da su ta karɓu, har zobban da ba kai ka ƙera ba. Ya ce mai farmasi ya shaida da bakinka ka ce sha kake yi. Ya tambaye ni ko na san inda ka koyo wannan aiki. Na ce yaran yanzu a salula suke ganin komai. Ban yi maka ƙage ba, ban kuma jefa kaina rijiya ba. In na faɗi, wa zai riƙe ku kai da Lalla?

Ga mafita, na riga na shirya da shi. Ranar kasuwa ka je gaban maƙera ka ce ruwan da ke kwalbar na wanke ciwo ne, ka fiddo shi don ka rabu da matar, wutar kuwa gadon ubanka ce wadda ba a faɗi. Tanimu zai yi maka faɗa a gaban mutane, a shafa fatiha, ka koma kan buzunka. Ruwan kuma ka riƙa aiki da shi a gida, ƙofa a rufe.

Baƙin cikin yini guda ne. Ka yi don mahaifiyarka.

Wassalam. Kawunka,
Alhaji Yakubu

*

Dakoro, ran Asabar

Kawu Alhaji,

Ina gaishe ka, tunda Innata ta hore ni da gaida manya.

Na je jiya. Sun zauna a inuwar rumfa, Tanimu a tsakiya da carbi. Na tahi da niyyar yin abin da ka ce, wallahi na tahi da ita, don Inna ta kwana biyu ba ta taɓa tuwo ba. Har na buɗe baki. Sai na hango Fadimata a bayan mutane, an sallame su daga likita, Zuhura a kafaɗarta tana tsotsar rake. Ta zo yi mini godiya ne, ta tarar da shari'a. Kusa da ita wasu matan ruga da goyo, sun miƙa wuya suna jira su ji ko akwai mai wutar ko babu.

In na ce akwai, Kawu, goyo na gaba da ya yi zafi ina za a kai shi?

Na ce alkol ne, ban taɓa kai shi baki ba, wuta ke cinye shi tas kafin azurfa ta taɓa jikin kowa. Na ce a kira malami a tambaye shi. Tanimu ya ce malami ba ya sayen zobe, mata ke saye. Ya ce, "Da aljani ne, ɗan marigayi, da mun san yadda za mu zauna da shi. Ka zubar mana da ciniki, ka zubar mana da kwarjini, duka a yini guda." Na ce kwarjinin da ke cin 'ya'yan mutane, gara a zubar da shi a kwata. Ka ce in rage harshe, ban rage ba.

Ya ce wa ya koya mini. Ban kama sunanka ba. Ban san dalili ba. Wataƙila ina jira in ga motar Maradi ta tsaya.

Sun ce in bar rumfa. Sun tono uwar maƙerar Baba daga inda ya kafa ta tun ban zo duniya ba. Da ƙyar ta fito, ƙasa ta riƙe ta. Na ɗauko ta a amalanke, Fadimata ta riƙe mini zugazugi har ƙofar gida, ita kaɗai. Yanzu tana tsakar gida kusa da turmi, kaji na hawa. Inna ta dube ta, ta ce, "Yakubu ya sani?" Na ce ya sani. Ta shiga ɗaki.

Na sake karanta takardunka. Ko sau ɗaya ba ka bari an rubuta sunan abin ba. "Ruwan da ka ambata." "Wancan sunan." Ashe tun farko ka san ranar nan na zuwa, ka share sawunka.

Ɗan ƙanwarka,
Intalla

*

Maradi

Yaya Intalla, ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo Lalla. Baba ya ce in rubuta maka cewa ba ya jin daɗin jikinsa, ba zai iya zuwa Dakoro ba. Lafiyarsa lau. Ya kuma ce in tambaya ko za ka iya gama sauran mundayen a gida kafin Mauludi, masu koriyar wuta ake nema. Na rubuta don ya ce in rubuta. Ka yi haƙuri.

Ƙanwarka,
Hamdiya

*

Dakoro

Kawu,

Gaisuwa. Babu munduwa.

Ranar kasuwa mai zuwa zan shimfiɗa buzun Baba a bakin rumfa, kusa da ramin da suka bari, in zauna da kwalbar a gabana. Motar farko tana isowa kafin azahar. Ka zo ka tsaya gaban Tanimu da maƙera da matan ruga da ƙanwarka, ka faɗi wanda ya kawo kwalbar farko rumfar nan, ka faɗi sunan abin da ke cikinta da bakinka na Alhaji, ka kuma faɗi abin da kake gaya wa matan Maradi wutar tana yi. Ba a salula ba, ba ta hannun Hamdiya ba.

In ba ka zo ba, mako na sama ni zan zo. Na ji liman yana shan shayi a bencinka. Zan zo da ashana.

Intalla ɗan maƙeri