Ɗinyar Hauwa Ta Yi Toho

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Bunkure duk lafiya lau, alhamdulillahi.

A makarantar su Hauwa 'yarka an ba kowane yaro bishiyar gargajiya ya dasa ya rena. Ita ɗinya ta zaɓa. Akuya ta cinye ganyen tas, ta dawo gida tana kuka. Washegari Baba, duk da ciwon gwiwarsa, ya bar ban ruwan tumatir ya je ya kewaye ta da ƙaya. Jiya ta yi toho. Hauwa ta ce, "Gwaggo, ki gaya wa Abba ya zo kafin bishiyata ta fi shi tsawo."

Ka sa mu a addu'a. A gai da abokan zama.

Ƙanwarka,
Binta