Ranar Yankan Kacalla

Tudun Faru, ta Miga,
Jihar Jigawa.
Mayu, 2002.

Zuwa ga ƙanena Abdulrauf,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hindatu da yara, ya kuma ƙara wa ɗinkinka albarka a nan Kumasi. Hoton da ka aiko da Salla ya iso. Inna ta daɗe tana juya shi, sannan ta ce wannan mai tumbin ba nata ba ne, nata siriri ne kamar karan dawa. Rabonta da dariya ke nan. Jikinta da sauƙi, ƙafar ce dai take kumbura, abinci kuwa sai na zauna a kanta. Zakiyya matar Misbahu tana cikin takaba, ta rame ƙwarai, amma tana haƙuri. Ni ban koma gidana a Limawa ta Dutse ba tun da abin ya faru, maigidana Malam Isah ya ce in zauna da Inna har hankalinta ya kwanta, Allah ya saka masa. Zafi ya yi yawa, ruwan sama bai sauka ba tukuna.

Na san saƙon da Kawu Jaji ya aika maka ta waya bai wuce cewa yayanka Misbahu ya rasu a kogi ba, na kuma san ka ɗauka ruwa ne ya ci shi. Ba ruwa ba ne, Abdulrauf. Kashe shi aka yi, ina tsaye a bakin gaɓa ina kallo. Manya sun ɓoye maka don kada ka taso a gigice, ni kuwa na ga ɓoyon ya isa, domin yanzu maganar ta faɗo kanka. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Ka bar gida kogin nan yana da faɗi, yau da ka gan shi sai ka yi kuka. Tun da damina ta fara ƙaranci, ciyawar kacalla ta cinye shi, ta toshe hanyar ruwa. Mu da muke sama ruwa ya kwanta mana a gona ya ruɓar da shinkafa, mutanen Kwarin Maje da suke ƙasa kuma ko na ban dabbobi ba sa samu. Tsuntsun jan-baki ya samu wurin kwana a cikinta, da safe ya tashi ya bi dawa. Bara aka kira taro a Dutse, aka ce akwai wani asusu da ƙasashen waje suka kafa don wuraren da ruwan sama ya ja baya. Sharaɗinsu shi ne ba za su ba gari ɗaya ko jiha ɗaya ba, sai duk masu shan kogin sun haɗa kai, daga nan har Yobe da Bauci, har da mutanen Nijar, kowa ya koya wa ɗan'uwansa abin da ya sani. Ka san Misbahu da son irin wannan. Shi garinmu ya tura, Kwarin Maje kuma suka tura Barau, ɗan Sarkin Ruwansu. Aka kai su Gashuwa tare suka yi kwanaki, kwano ɗaya, tabarma ɗaya. A can wani tsohon masunci ya nuna musu cewa ƙona kacalla da muke yi ƙara mata ƙarfi yake, amma in aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa sai ta shaƙe ta ruɓe. Misbahu ya dawo bakinsa bai rufu ba, ya ishi kowa da zancen kacalla, har Zakiyya ta ce da ita ya kamata a ɗaura masa aure.

Bayan babbar Salla aka sa ranar gayya. Garuruwan biyu za su shiga ruwa tare, su daga ƙasa, mu daga sama, a haɗu a tsakiya. Asusun ya aiko da lauje mai doguwar ƙota, aka raba wa kowane saurayi. Baƙi za su zo su gani daga Gashuwa da Katagum da Damagaram, har da wata Baturiya. Misbahu ya roƙi abu ɗaya, kada a kawo makaɗa. Wani jami'i da ya zo daga Dutse ya ce ina aka taɓa gayya babu ganga, kuma baƙi za su ɗauki hoton bidiyo, dole a nuna musu al'ada. Mutumin kirki ne, bai san komai ba, amma rashin saninsa ya ci mu. Kai dai ka tuna shekarar fari da mutanenmu suka datse ruwa da buhunan yashi, 'yan Kwarin Maje suka zo fasawa, aka yi wa Sarkin Ruwansu dukan da ya gudu ya bar wandonsa a kogi. Ka kuma tuna taken da Ɗanmusa makaɗi ya yi a kan wandon nan, wanda kuke rawarsa kuna yara. Ɗanmusan nan aka ɗauko.

Ni na zo daga Dutse don taya girki, mu mata muka jera ƙoren fura a ƙarƙashin faru. Wallahi da hantsi abin gwanin sha'awa. Maza cikin ruwa har ƙirji, ana yanka ana turo kacalla bakin gaɓa, ana tsokanar juna. Kafin azahar ɓangarorin biyu sun kusa haɗuwa, sai ya zama 'yan Kwarin Maje sun fi namu ci gaba, baƙi suna tafa musu. Wannan tafin ne ya ƙona ƙaninmu Falalu. Da idona na ga ya fito daga ruwa, ya je ya yi wa Ɗanmusa liƙi a goshi, ya raɗa masa magana. Ganga ta sauya. Baƙi ba su ji komai ba sai daɗin kiɗa, Baturiyar har gyaɗa kai take, amma duk wanda aka haifa a kogin nan ya ji abin da gangar take faɗa. Tsohon da aka yi wa taken yana zaune a kan tabarma a gaban baƙi, da furfurarsa, 'ya'yansa biyu suna cikin ruwa riƙe da lauje.

Ƙanin Barau ne ya fara zagi, ya ɗebo taɓo ya watsa wa Falalu a fuska. Falalu bai yi wata-wata ba ya kai masa sara. Yaron ya tare da hannu, yatsunsa suka zube a ruwa, ya ɗaga dungulmin yana ihu jini na tsiri. Barau ya yo kukan kura ya ɗaga nasa laujen da hannu biyu, Falalu yake nufi. Misbahu ya faɗo tsakaninsu, ya ba Barau baya yana tura Falalu, laujen ya sauka a gefen wuyansa. Na ji ƙarar, Abdulrauf, har yau ina jin ta in ana sara nama. Ya durƙusa, ruwa ya rufe shi, wurin ya yi ja. Daga nan kowa ya zama mahaukaci. Mutanen da suka sha fura tare da safe suka dinga saran juna a kafaɗa da ka da cinya, wanda ya faɗi a danne shi cikin laka. Na ga an fasa wa wani kai da ƙota, na ga wani yana rarrafe ya riƙe cikinsa. Mata muna kururuwa, baƙi suna gudu suna faɗuwa kan ƙore, Ɗanmusa ya yar da ganga ya shige daji.

Zan gaya maka abin da ba a son faɗa a gidan nan. Barau ne ya nutse ya ɗauko Misbahu, ya rungumo shi har gaɓa yana kiran sunansa, ya cire rigarsa ya danne wuyan. A nan samarinmu suka same shi. Bai gudu ba, bai kare kansa ba, suka tattake shi har haƙoransa suka zube, suka karya masa haƙarƙari, da kyar mutanen Gashuwa suka kwanta a kansa. Muka sa Misbahu a motar baƙi muka nufi asibitin Jahun, kansa a cinyata, ina danne da rigar nan jini yana bin yatsuna. Ko rabin hanya ba mu yi ba ya cika. Bai ce komai ba, ba zai iya ba, zanena kawai ya damƙe. Falalu yana yawo yana cewa Misbahu ya bar wasiyyar a rama masa. Ƙarya yake yi, ko motar ba ya ciki.

Ba ya ciki domin a lokacin yana gaban samarin da suka tafi Kwarin Maje. Kafin la'asar sun cinna wa rumbuna wuta, sun sare agarar shanun noma suka bar su suna birgima, sun doki wani dattijo makaho da bai san ma me ake ciki ba. Sai da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka zo aka tsaya. An kama mutane da dama daga ko'ina, aka yi beli, Falalu ma Kawu ya fito da shi. Barau kaɗai ya rage a tsare a Dutse, kuma a gaban alƙali bai musa ba. Ya ce hannunsa ne, ya ce abokinsa ne, ya fashe da kuka. Masu asusun sun dakatar da aikin, sun ce sai ranar da garuruwan biyu suka iya komawa ruwa tare. Tsohon masuncin nan ya zo ta'aziyya tun daga Gashuwa, ya je ya tsaya a inda aka yanke kacallar, ya ce ta fara ruɓewa kamar yadda ya faɗa, ya share hawaye ya hau mota.

To ga inda maganar ta zo kanka. Tunda shari'a ta dawo, alƙali ya ce jinin yana hannun magada, ko ƙisasi ko yafewa. Misbahu bai bar ɗa ba, Baba ya rasu, saura Inna da ku biyu. Malam Isah ya yi mini bayani, ya ce ni tawa ba ta shiga tunda kuna nan. Inna ta riga ta yafe. Mahaifiyar Barau takan tako da ƙafa duk Juma'a ta zauna a ƙofar gidanmu cikin rana, ba ta sallama, ba ta roƙo, yara suna jifanta. Ranar nan Inna ta dogara sanda ta fita da kanta ta kamo hannunta, ta ce wa Kawu ita an kawo mata rigar ɗanta da jini, ba za ta sa a kai wa wata ba. Amma yafewarta ba ta tsayawa sai ɗayanku ya bi bayanta. Falalu ya ce sai an kashe. In ka bi shi, an kashe Barau. In ka bi Inna, ƙisasi ya faɗi, a yi masa bulala da ɗaurin shekara ya fito. An ɗaga zaman sai bayan Mauludi don a ji daga gare ka.

Kada ka ɗauka taushin zuciya ne ya sa nake rubuto maka. Ba na ƙaunar in ga Barau, ko in tuna hannunsa a sama. Amma na san wanda ya sa aka juya ganga, na san wanda ya fara sara, kai ma yanzu ka sani. Falalu ma ya sani, shi ya sa ba ya iya haɗa ido da Zakiyya, ba ya cin abinci a cikin gida. Gani yake in aka kashe Barau, laifin zai bi shi kabari ya bar shi ya huta. Ba zai huta ba. Ni dai ina roƙonka don Allah ka yafe.

Sai dai yafewar a takarda ba za ta wadatar ba, kada ka je wurin limamin zangonku ku rubuto ka ce ka sauke nauyi. Falalu ya dafa Alƙur'ani a gaban Kawu, ya rantse cewa duk ranar da aka saki Barau a ƙofar gidan yari zai tare shi. Ka san shi, tun yana yaro in ya faɗa sai ya yi, kuma duk gidan nan bayan Misbahu kai kaɗai yake jin maganarka, kai ka goya shi. In ka yafe daga nesa, ka ceci ɗan wata ka miƙa namu, Inna ta rasa biyu. Saboda haka ka rufe shagon, ka bar wa Hindatu abin da za su ci, ka taho da ƙafarka. Ka tsaya gaban alƙali ka faɗa da bakinka, sannan ka zauna a gida ka riƙe ƙaninka har Allah ya sanyaya masa. Na san nauyi ne na ɗora maka, ba ni da wani da zan ɗora wa.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka, ta ce ka zo ta gan ka da tumbin naka. Kawu Jaji da Gwaggo Rabi'atu suna gaisuwa, haka Zakiyya, haka Malam Isah. Ka gaida Hindatu da kyau, ka shafa mini kan Afra'u da Mu'minatu, ka ce ina nan da alkawarin awarwaronsu. Falalu bai ce in gaishe ka ba, bai san ina rubutun nan ba. Yana bayan ɗaki tun da hantsi, ina jiyo shi yana wasa lauje a kan dutse. Bazara ce, Abdulrauf, ko ciyawar akuya babu a daji. Ka yi sauri.

Wassalam. Taka yayarka mai jiran ganinka,
Halimatu Sa'adiya.